Malam Iliyasu da Akwatin Maganar Dada

Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar nan ta Birnin Kudu, wadda ba za a kama sunanta a nan ba, ya san cewa kafin masu shara su iso, babur ɗin Malam Iliyasu ya riga ya huce a gindin darbejiyar da ke bayan sito. Zai buɗe ɗan ɗakinsa mai taga ɗaya, ya rataye hula a ƙusa, ya zaga ya duba man janareta da ruwan batir, sannan ya dawo ya jona ƙarfen narka dalma. Daga nan sai ƙeyarsa za ka riƙa gani har la'asar. Fanka ta tsaya, a kira Iliyasu. Injin tura ruwa ya yi gardama, a kira Iliyasu. Rediyon matar oga da dutsen gugar surukar akawu duk a teburinsa suke kwana, kamar su ma gwamnati ce ta ɗauke shi dominsu. Ba ya hira in yana aiki. In ka dame shi da surutu, iyakarta ya ce, "Riƙe mini wayar nan," ka tsaya riƙe da ita har bakinka ya mutu.

A watan jiya ya ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗoriya. A makon ne kuma aka yi wa wani babban jami'i walimar sauyin wurin aiki, mutumin da har ya bar garin bai san inda makunnin fitilar ofishinsa yake ba. An kafa rumfa, an yanka raguna, an yi jawabi har maƙogwaro ya bushe. Lasifikar da aka yi ta zuba yabon da ita, Iliyasu ne ya haɗa ta, kuma yana tsugune a bayan rumfa yana danne da wata waya da ta kwance don kada muryar masu kirari ta yanke. Ba wanda ya ambaci sunansa. Washegari aka aiko masinja ya karɓi mukullin ɗakinsa, aka ce a kuma tambaye shi ko filayar da ke aljihunsa ta ofis ce. Tasa ce. Wannan rubutu na haushi ne, kuma ba a ɓoye ba.

Ba labarin fanka da janareta za a ba ku ba, waɗannan kowa ya ci moriyarsu ya goge baki. Labarin wani aiki ne da ba wanda ya sa shi, wanda ya kusa haukata shi, kuma ƙanwarsa Turai da ta ga komai tana nan da ranta.

Iliyasu ya shiga koyon gyaran rediyo a Kano shekarar da aka sauke tutar Turawa. Gidan malamai ya fito. Mahaifiyarsa, Malama Kulu, wadda 'ya'yanta ke kira Dada, 'yar Zandam ce ta ƙasar Gwaram, aure ya kawo ta Birnin Kudu, kuma a tsakar gidanta matan aure da yawa na garin suka koyi karatu. Shi ne ɗanta na fari. Ku riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

A shekarun da kuɗin fetur ya sa mutane sayen abin da ba su san sunansa ba, wani Alhaji ɗan kwangila ya dawo daga ƙasar waje da wata 'yar na'ura mai kama da tafireta, amma babu wurin saka takarda. Ya ɗauka kayan wasan yara ce. Yaran suka daddanna ba ta yi kiɗa ba, aka kawo wa Iliyasu ya gyara, haɗe da wani littafi mai kauri na Turanci, aka kuma manta da ita. Lafiyarta lau. Kwamfuta ce, irin ta farkon zamani, wadda ake jonawa a talabijin. Iliyasu ya sa ƙamus a gefe ya bi littafin har ya gane kanta: kana rubuta mata umarni layi-layi, kowane da lambarsa, ita kuma ta bi su a jere. Wayo ba ta da shi ko kaɗan. Abin da ka faɗa take yi, ba abin da kake nufi ba. In wuta ta ɗauke ta manta komai, sai dai in ka riga ka adana umarnin a kaset, da wani irin ƙara mai tsinka kunne da ya sa matarsa Safara'u ta kore shi zuwa zaure. Abokan aiki suka ce Iliyasu ya samu abin wasa da tsufansa.

Sai ciwo ya faɗa wa Dada. Tana tsakiyar biya wa ɗalibanta karatu da hantsi ta karkace. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe ya ɗauke gaba ɗaya. Hannun hagu ne kaɗai ke motsi, shi ma ba ya miƙewa ya nuna abu, kuma rawa yake. Idanunta kuwa suna nan tar. Turai kan yi ta jero mata tambaya, ko ruwa, ko fura, ko a juya ta, har tsohuwa ta gaji ta rufe ido.

A nan ne halinmu na banza ya fito. Masu dubiya suka riƙa shigowa suna tsallake ta da ido, su ce wa Turai, "Ya mai jiki? Tana gane mutane kuwa?" Matar da ta koya musu alwala tana kwance tana jin su, suna maganarta kamar an riga an yi mata sutura. Mu haka muke. Da zarar bakin mutum ya rufe sai mu rufe masa sauran.

Iliyasu yana jin wannan daga bakin ƙofa, ransa yana ƙuna. Ya lura da abu ɗaya: in an wuce da allo ta gabanta, idonta yana bin rubutun daga dama zuwa hagu, ba ya tsallake layi. Tana karatu ke nan. Ya koma zaure wajen na'urarsa.

Abin da ya ƙera mai sauƙin faɗa ne. Ya raba fuskar talabijin gida-gida kamar na dara, a kowane gida ya rubuta kalma da ajami, tunda Dada ba ta karanta boko. Haruffan nan ɗigo-ɗigo ya zana su, domin na'urar ba ta san su ba. A jerin sama akwai "Ruwa", "Abinci", "Alwala", "Juya ni". A na tsakiya akwai "Lafiya lau", "Alhamdulillahi", "Na gode". A na ƙasa akwai "Ku fita", don lokacin da za a gyara ta, da "Ba na so", da "Bayi". Wani ɗan haske yana tafiya daga gida zuwa gida a hankali, in ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya ciro madannin hon daga wata matacciyar mota, ya ja masa doguwar waya har kan cinyarta. In haske ya iso kalmar da take so, ta danna, kalmar ta cika fuskar talabijin. Ya hango cewa rawar hannunta za ta iya sa kalma ta fito sau biyu, sai ya ƙara layi ɗaya a umarnin: kada a zaɓi kalma sai an ɗage hannu. Ya ji daɗin wannan dabara har ya ba Safara'u labarinta, ita kuma ta ce masa tuwonsa ya huce.

Ranar da aka fara gwadawa, Turai ta yi wa Dada bayani, ta sa madannin a ƙarƙashin mayafin da take rufe hannuwanta da shi. Haske ya zaga. Can sai talabijin ta cika da kalma ɗaya: "Ruwa." Turai ta kawo, Dada ta sha har ta ƙoshi. Iliyasu ya tashi daga bakin ƙofa ya fita waje, ya tsaya yana kallon katanga, domin bai yarda da fuskarsa ba.

Bakin ƙofa nan ne wurinsa. Ɗan fari ne, tsakaninsa da Dada akwai kunya irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce, "Ku kira mini wancan." Shi ma bai taɓa zama a ɗakinta ya ƙura mata ido ba. Ya ajiye talabijin ɗin ta yadda zai hango abin da ta nuna daga dokin ƙofa, ya juya wa gadon kafaɗa. In mata baƙi suka zo kuwa, sai ya koma zaure.

Kwana da kwanaki abu yana tafiya daidai, har labari ya kai wa ɗalibanta cewa Malama ta samu baki. Suka yi ayari suka zo, babbarsu Hajiya Mairama a gaba. Suka zazzauna. Mairama ta durƙusa ta ce, "Malama, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" Duk suka juya ga talabijin, kuma dukansu suna karanta ajami, ita ta koya musu. Aka ɗan jima, sai ga shi ɓaro-ɓaro: "Ku fita."

Mata suka kalli juna. Mairama ta daure ta ce, "Malama, mu ne fa. Allah ya ƙara sauƙi." Aka sake jira. "Bayi." Wata yarinya amarya ta toshe baki. Dada ta fara wani irin nishi, hawaye yana gangara mata ta gefen da ya shanye, su kuwa suka ɗauka fushi take da su. Suka tattara mayafansu suka fice.

Daga ranar Iliyasu bai ƙara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba. Ya ɗauko na'urar ya gwada da hannunsa: "Lafiya lau" ya danna, "Lafiya lau" ya fito. Ya maimaita har yatsansa ya yi ciwo, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. Aka mayar wa Dada, ta nemi ruwa, ta nemi a juya ta, komai daidai. Washegari limamin unguwa ya zo dubiya, ya yi mata addu'a, talabijin ta ce masa, "Ba na so."

Wanda bai taɓa farautar kuskure irin wannan ba, ba zai gane azabarsa ba. Abin da ya lalace gaba ɗaya mai sauƙi ne, ka buɗe ka ga inda ya ƙone. Amma abin da ke aiki a gabanka, ya jira sai ka juya baya ya kunyata uwarka a gaban mutane, wannan shi ke sa mutum zagin ƙarfe. Iliyasu ya sa masa suna "ɗan banzan nan". Ya zargi madanni, ya canza shi. Ya zargi waya, ya ja sabuwa. Ya ce ƙarfin wuta ne ke hawa da sauka in injin niƙan maƙwabta ya tashi, ya mai da komai kan batirin mota. Ya ce zafi ne in ɗaki ya cika da mutane, ya kafa wa na'ura fanka ita kaɗai, su Turai suna gumi. Ya kwafe umarnin duka a bayan takardar buhun siminti, yana bin su da yatsa bayan sallar asuba, yana yin kamar shi ne na'urar, kuma kowane layi ya ce masa ba ni ba ne. Sau ɗaya ya rushe komai ya sake rubutawa daga farko, yana dab da adanawa rikoda ta cinye zaren kaset ɗin. Safara'u ta ce ranar ta ga ya ɗaga guduma a kan na'urar, ya tsaya haka, sannan ya fita ya rotsa wani tsohon tulu da bai yi masa komai ba.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Wasu suka ce aljani ne a akwatin. Wasu suka ce ai akwatin gaskiya yake faɗa, hankalin Malama ne ya gushe. Waɗanda ba su taɓa kawo mata ko ƙwaryar fura ba su suka fi kowa sanin ciwonta. Ɗalibai suka ɗauke ƙafa.

Maganar ta kai Zandam, sai ga ƙanen Dada, Kawu Barau. Ya shiga ya gaishe ta, talabijin ta ce masa, "Ku fita." Ya fito ya samu Iliyasu a zaure, ko zama bai yi ba.

"Iliyasu, yayata ce kafin ta zama uwarka," in ji shi. "Matar da ake tashi tsaye in ta shigo, ka mai da ita abin kallo. A kasuwar Gwaram na ji ana cewa ta kori liman. A kasuwa fa."

"Kawu, ba ita ba ce. Kuskurena ne."

"To nuna mini shi."

Iliyasu ya sunkuyar da kai.

"Ka gani," in ji Kawu Barau, muryarsa ta ɗan sauka. "Ba abin kunya ba ne ciwo ya taɓa hankalin tsoho. Abin kunyar shi ne a rubuta shi a talabijin kowa ya karanta. In an kai gero gida zan zo da mota. Akwai ɗaki can ciki a gidanmu, ba mai ganinta sai nata. Wannan akwati kuma ka san inda za ka kai shi."

Kawu ba mugu ba ne, kishin 'yar'uwarsa yake. Amma ɗakin can ciki kabari ne da ake kai wa abinci, kuma Iliyasu ya san haka. In ta tafi Zandam da sunan wadda hankalinta ya gushe, ba wanda zai ƙara tambayarta ko ruwa take so. Abin da ya fi ci masa rai ma, wanda bai gaya wa kowa ba sai daga baya, shi ne shi kansa ya fara tunanin ko Kawu ne mai gaskiya. Ya bincike waya, ya bincike batir, ya bincike kowane layi. Me ya rage in ba ita ba?

Gero ya nuna, ana ta yanka. Wata la'asar yana zaune ya tasa na'urar a gaba, sai haushin kansa ya kama shi: tun farko zato yake ta yi, kamar boka. Bai taɓa sa na'urar ta gaya masa abin da take ji a madannin ba. Ya rubuta 'yan layuka kaɗan: duk lokacin da aka danna, ta ja wani siririn layi a ƙasan talabijin, layin ya yi ta tsawo har sai an ɗage hannu, kuma kada ta goge shi. Sannan ya je da kansa ya roƙi Hajiya Mairama ta sake zuwa, ita kaɗai. Ta zo don kunyarsa, ta gaishe da Malamarta, aka ce mata "Ba na so," ta fita tana share ido.

Iliyasu ya leƙa talabijin daga bakin ƙofa. Layukan safe, na ruwa da abinci, gajeru ne kamar ƙwayar shinkafa. Na gaisuwar Mairama kuwa ya miƙe ya kusa ratsa fuskar talabijin. Ya kira Turai tsakar gida.

"In baƙi sun gaishe ta, me Dada ke yi da hannunta?"

"Me za ta yi kuwa? Dannawa take."

"Yaya take dannawa?"

"Yadda kowa zai yi mana. Ta kamo na daman da na hagun, ta ja shi ta ɗora a kai."

"Na dama? Hannun da ya mutu?"

"To da wanne za ta amsa gaisuwa? Yaya, Dada ce fa. Ka taɓa ganin ta miƙa wa ko jariri abu da hagu? Balle sunan Allah, ta danna shi da hannun tsarki?"

"Kuma kin sani tun tuni, ba ki gaya mini ba."

"Ka tambaye ni? Batir kake tambayata, da zafi, da ko yara sun taɓa waya. Ni na ɗauka akwatin ya sani. Kai da ko inda take ba ka kallo."

Ya tsaya kamar an kwaɗa masa mari. Ga ɗan banzan nan, kuma shi ya haife shi da hannunsa: layin nan da ya yi alfahari da shi, kada a zaɓi kalma sai an ɗage hannu. Da hagu, dannawa da ɗagewa abu ɗaya ne. Amma mataccen hannu in ya sauka a kan madanni sai ya kwanta, kafin ta tattara ƙarfi ta janye shi haske ya bar "Lafiya lau", ya gangara jerin ƙasa. Duk tsawon lokacin nan tsohuwa tana jan hannun da ba ta ji, a ƙarƙashin mayafi, don ta girmama baƙinta, tana saukar da shi daidai kan kalmar da ta dace, na'urar ɗanta tana juya mata ladabi ya koma zagi. Ita ce ta fi kowa hankali a gidan. Iliyasu ya ce bai taɓa jin haushin wani mahaluƙi kamar yadda ya ji na kansa ranar ba, kuma bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba, duka a lokaci ɗaya.

Gyaran bai kai a dafa shayi ba. Da an taɓa madanni, haske ya tsaya cak a inda yake. Sai an ɗage hannu, komai daɗewa, sannan ya ci gaba. Layin awon nan na ƙasa kuma ya bar shi, ya ce ya yi masa rana.

Kawu Barau ya cika alkawari. Ya zo da a-kori-kura, an shimfiɗa sabuwar katifa a baya. Iliyasu ya ce, "Kawu, ka shiga ka gaishe ta sau ɗaya. In ta kore ka, ni zan ɗauko ta in sa a mota." Ya ce wa Turai ta yaye mayafin daga hannuwanta.

Kawu ya durƙusa. "Yaya Kulu, ina kwana?"

Wannan karon ba talabijin ya kalla ba. Ya ga yatsun hagu sun rarrafa sun kama wuyan hannun dama, suna ja, yana zamewa, suna sake kamawa. Haske ya wuce kalmar kafin ta shirya. Ba ta yi gaggawa ba, ta riƙe hannun a gefen madanni, jijiyar wuyanta ta tashi, har haske ya zago. Ta sake shi.

"Lafiya lau."

Ta janye, ta jira, ta sake ɗorawa. "Alhamdulillahi."

Kawu ya matso kusa da gadon. Can ya ce, "Yaya, na zo in tafi da ke gida Zandam."

Da haske ya iso, hannun hagu ya yi caraf, ko jira bai yi ba. "Ba na so."

Dariya ta ƙwace wa Turai. Kawu ya goge ido da bakin rigarsa ya ce, "Wannan kam da hagu ta ba ni." Ya fita ya ce wa direba a sauke katifar, a shigar mata da ita. Da zai wuce Iliyasu a bakin ƙofa bai ba shi haƙuri ba, manya ba sa yi. Cewa ya yi, "Ka ƙara gida ɗaya a akwatin nan, ka rubuta Barau."

Ɗalibai suka dawo, Mairama a gaba, tana kuka tana neman gafara. Iliyasu ya ƙara wani gida mai cewa "Sake". Mace tana karatu ta yi tuntuɓe, sai ta ga "Sake" ya cika talabijin, ta koma baya. A haka Malama Kulu ta ci gaba da karantarwa shekaru, ba tare da ta furta harafi ɗaya ba, har Allah ya karɓi abarsa. Bayan rasuwarta Iliyasu bai rufe akwatin a sito ba. Ya ɗaura shi a bayan babur da batir, ya kai wa wani tsohon malamin makaranta a Kiyako da ciwon ya kama, daga baya ya kai wa wani tela a Gwaram. Iyalansu suna nan, ku tambaye su ko ya taɓa karɓar ko na mai. Sun ce kafin ya kwance igiya yakan zauna a gaban majinyacin, ya dube shi ido cikin ido, ya gaishe shi, ya kuma jira.

Kai ne, Iliyasu na Kulu, mai jin ciwon waya tun kafin ta ƙone. Ba za a kira ka sarkin haƙuri ba, domin ba ka da shi, tulun Safara'u shaida ne. Abin da kake da shi ya fi haƙuri wuyar samu: fushinka ba ya sauka a kan mai rauni. Gari ya ce laifin tsohuwa ne, kai ka ce naka ne tun ba ka san inda yake ba, ka yi ta tono har ka kamo shi a cikin dabarar da ka fi alfahari da ita. Mutum nawa ne a ofisoshinmu za su iya wannan? Waɗanda suka aiko a karɓi mukulli su ji kunya, in da sauranta a jikinsu. Yaranmu da ke zaune gaban kwamfuta yanzu su koya daga gare ka cewa in abu ya ƙi, a tashi a dubi mutumin da aka yi abin dominsa. Mu kuma da ke da majinyaci a ɗaki, mu daina gai da mai jinya muna tsallake mai ciwo.

Mun gode, Malam. Amma godiyarmu ta makara, kuma ƙarama ce, domin an riga an yi maka wadda ta fi ta.

Bayan tafiyar Kawu, Iliyasu ya ƙara jeri guda na sunaye: Barau, Turai, Safara'u, Mairama, da jikoki. Nasa bai sa ba, ya san ba za ta taɓa danna shi ba. Wata safiya Dada ta ƙura wa jerin ido, haske ya zaga ya sake zagawa, ba ta taɓa komai ba, tana nishi. Turai ta leƙo ta ce, "Yaya, akwatin nan da saura."

Ya miƙe a fusace. "Me ya kuma yi?"

"Ba abin da ya yi. Ƙofa take kallo."

Ya gane. Ya ɗauki na'urar zuwa zaure, ya daɗe yana kallon gida ɗaya da ya rage a jerin sunayen, babu komai a ciki. Bai rubuta Iliyasu ba. Ya zana abin da take kiransa da shi tun yana goye, ya mayar, ya koma mazauninsa ya juya wa gadon kafaɗa kamar kullum. Haske ya taho, ya wuce Barau, ya wuce Turai, ya wuce jikoki, ya tsaya cak.

"Wancan."

Bai waiwaya ba. Ƙasan talabijin ya duba, inda layin awon nan yake. Layin ya fara, ya wuce ƙwayar shinkafa, ya yi ta tafiya har ya kai bango.

Gidansa yana nan bayan kasuwa, babur ɗin yana jingine a ƙofar zaure. Ku je ku gaishe shi tun yana da rai, ku miƙa masa hannu. Kun san wanne.